Taɓarya Biyu a Rumfarmu ta Chanchaga

Zuwa ga Yaya Saratu, Maman Godiya,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, daga nan Minna zuwa can garinku. Ina fata wannan wasiƙa za ta same ki cikin alheri, ke da Baban Godiya da yara da su Kaka gaba ɗaya. Idan kin tambaye mu, muna nan lafiya, sai godiyar Allah. Malam yana gaishe ki, Ummi ma ta ce a gaida Mamanta ta Ketaren Gwari, unguwarku ta da.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙarki a shafina inda kowa zai karanta, alhali lambarki tana cikin wayata. Tana nan, ban goge ba. Sau nawa na buɗe ta na zuba mata ido, sannan in kife wayar in tashi. Dalilina shi ne, maganar da ta raba mu a gaban mutane na faɗe ta, don haka a gaban mutane ya kamata in janye ta. Na san Godiya tana bin shafin nan, don tana yaba hotunan Ummi, nawa kuwa ta wuce su kamar ba ta gani ba. Ban ga laifinta ba. Ki sa ta karanta miki daga farko har ƙarshe, kada ta tsallake inda na ji kunya.

Abin da nake nema ba shi da yawa a baki, a zuciya ne yake da nauyi: ki yafe mini, ki dawo Minna. Masu karatun da ba su san mu ba su yi haƙuri, zan tuna miki abubuwan da kika fi ni sani, don su ma su gane inda aka faro.

Kin tuna ranar farko? Ina da tsohon cikin Ummi, ina tsaye a bakin titin Chanchaga ina fama da turmi ni kaɗai, in ɗaga taɓarya sau uku in tsaya in riƙe ƙugu. Ke kuma kina rumfar da ke jikin tawa kina sayar da shinkafa da wake, ko sunanki ban sani ba, sai dai in ji ana cewa matar Ticha. Kika wanke hannu, kika zo kika ɗauki ɗayar taɓaryar da ke jingine, ba tambaya ba komai, kika sa a turmina. Na buɗe baki zan yi godiya kika ce, "Ki yi daka, doya tana hucewa."

Daga ranar ba mu taɓa zama mun ce yau mun haɗa sana'a ba. Zanar da ke tsakanin rumfunanmu ce ta tsufa ta faɗi, babu wadda ta tayar da ita a cikinmu.

Shekara tara muna kirɓa sakwara a turmi ɗaya. Tawa tana tashi taki tana sauka, ba ma ko kallon juna. Idan kika yi gyaran murya na san lokacin yayyafa ruwa ya yi. Idan na ja ƙafar hagu baya kin san zan juya doyar, sai ki riƙe taki a sama daidai numfashi ɗaya. Ranar da kike cikin nishaɗi har cilla taɓarya kike yi sama, ki tafa ki cafe, ni kuma ina yi miki faɗan wata rana sai kin fasa mini kai. Ba ki taɓa fasawa ba.

Ba mu da allo, ba mu da suna. Direbobi ne suka sa mana "masu taɓarya biyu", wai tun daga gada suke jiyo lugudenmu cikinsu ya fara ƙugi. 'Yan makarantar da ake kaiwa kallon ruwan Gurara, 'yan bautar ƙasa da kakinsu, baƙin Abuja da suka je ƙauyen masu ginin tukwane can wajen Paiko, duk a bencinmu suke ƙarewa. Har Baturiyar nan da ta tasa malmala biyu da cokali mai yatsu, kika kasa haƙuri kika karɓe cokalin kika nuna mata yadda ake yi da hannu.

Ranar Lahadi kowa ya san babu sakwara sai an taso daga coci. Da azumi ke ce mai ɗanɗana miya, ni in tsaya ina karanta fuskarki in gane ko gishiri ya ji.

Sai korona ta zo. Aka rufe makarantu, aka tsayar da motoci, titin da ba ya hutawa ya koma har akuya tana kwanciya a tsakiyarsa. Gurara ta ci gaba da zubar da ruwanta ba mai kallo. Makarantar da Baban Godiya yake koyarwa ta rufe ba ranar buɗewa, ga ku a gidan haya da yara huɗu, ga gona tana jiranku a gida. Yanzu da hankalina ya dawo jikina na san ba ku da wata dabara da ta wuce ku koma noman citta. A lokacin ban ga haka ba. Abin da na gani kawai shi ne za ki tafi ki bar ni.

Ranar da aka ɗan sassauta kulle don mutane su yi cefane, muka haɗu a rumfa mu duba kayanmu. Matan layin duk suna nan, kowa da takunkumi a haɓa. Nan kika gaya mini, a hankali, kina kallon ƙasa. Ni kuma na ɗaga murya yadda har mai facin tsallaken titi ya jiyo, na ce, "Ki tafi mana! Daka ne fa, ba aikin likita ba. Gobe-goben nan zan samo wadda ta fi ki ƙarfi."

Ba ki rama ba. Da kin rama da na samu abin riƙewa. Kika gyara ɗaurin ɗankwali kika ce, "Allah Ya ba da sa'a, Larai," kika tare mai keke kika hau. Ranar da motar kayanku ta tashi ina gida ina kumbure-kumbure, ban je sallama ba. Wannan ya fi maganar ci mini rai har yau.

To, bari in ba ki labarin yadda na nemi wadda ta fi ki ƙarfi, don na san dariya za ki yi, kuma kin cancanci ki yi ta har ki gaji. Amma kafin nan akwai wani sirri da sai yanzu aka ba ni izinin faɗa.

Kin san Malam. Tela ne mai ji da kansa a Kasuwar Kure, mai jan sallah a masallacin layinmu idan liman ya yi tafiya, mutumin da ko kofin shayinsa ba ya ɗaukewa daga inda ya sha. Kulle ya zaunar da shi gida, babu biki babu ɗinki. Ya kwance rediyon da bai lalace ba ya mayar, ya bi kajina da kallo har suka saba da shi. Wata rana ina kirɓa 'yar doyar da za mu ci, ina yi ina hawaye, don hannuna ya saba jiran taki ta sauka, sai in riƙa tsayawa da taɓarya a sama ina jiran abin da ba zai zo ba. Ya daɗe yana kallona. Can ya tashi ya sa wa ƙofar gida sakata, ya leƙa ta katanga ya tabbatar ba kowa, sannan ya ce in ba shi ɗayar.

Ranar farko ya kusa karya mini yatsa. Rana ta biyu doya ta yi tsalle ta faɗa gaban kaji, su suka ci rabon Ummi. Amma mutum ne da ƙafarsa ta shekara ashirin tana taka keken ɗinki, akwai kiɗa a jikinsa bai sani ba. Kafin a buɗe gari hannunmu ya daidaita. Ya sa na yi masa alkawari ba zan gaya wa kowa ba, wai kada 'yan majalisarsu su sa masa suna mijin-ta-ce. Da aka buɗe kasuwa ya ɗauki hularsa da girmansa ya koma shago, kamar ba a yi ba.

Na buɗe rumfa ni kaɗai, na shiga neman abokiyar daka. Ta farko da na ɗauka, ƙarfi kam ta fi ki, a nan ban yi ƙarya ba. Sai dai ita faɗa take yi da turmin. Taɓaryarta ta haɗu da tawa a sama, ƙarar ta sa wani direba ya ƙware da ruwa, ni kuma na kwana uku ban iya ɗaura zani da hannun dama ba. Ta biyu waƙa take yi, kuma waƙar take bi ba ni ba, idan amshi ya zo sai ta tsaya ta ja shi son ranta. Ta uku ba laifi, Talatu sunanta, mace mai haƙuri, amma tsoron taɓaryata take ji, tana daka tana runtse ido. Sakwara ta riƙa fitowa da gudaji. Tsofaffin kwastomominmu su ci su yi shiru, idan za su tashi su tambayi ina Maman Godiya, in ce kin yi tafiya.

Na sayo injin daka. Ranar da akwai wuta ya fitar da wani abu mai santsi ba danƙo, kamar kunun da ya yi kauri. Ranar da babu wuta ya zama wurin ajiye ludayi. Har yanzu yana nan, ludayin yake riƙe mana.

Yanzu ga inda na ce kada Godiya ta tsallake. Wata ta ba ni shawarar garin sakwara na leda, wanda ake tuƙawa kamar tuwo. Ni kuma na san mutanenmu ba sakwara kaɗai ke kawo su ba, har da ƙarar turmi. Sai shaiɗan ya raɗa mini dabara. In tuƙa garin tun a gida in cika kula, in zo rumfa in shige bayan zanar da ke kare madafa, in jefa tsumma a turmi, in riƙe taɓarya ɗaya a kowane hannu in yi ta bugawa, dama hagu, dama hagu, wai mu biyu ne. Idan na gaji in fito ina share gumi in zuba wa mutane daga kula. Gumin dai na gaske ne.

Kwana huɗu ina wannan abin kunya. Rana ta biyar sai ga Mama Ladi, dattijuwar nan ta Gwari da ke kawo mana doya daga Paiko tun farkon farawa. Ta ga kwana biyu ban aika ba, ta taho da kanta da ƙwaryar doya a kafaɗa yadda suke ɗaukar kaya. Ba ta tsaya a gaba ba, ta zagayo bayan zana, ta same ni tsaye da taɓarya biyu ina dukan tsohuwar rigar Ummi. Ta sauke kayanta a hankali, ta leƙa turmin, ta dube ni, ta ce da irin Hausarta, "Larai, tun daga titi na ji turmin nan ba doya a ciki. Kai kana daka wanki ne?"

Yaya, na so ƙasa ta tsage in shige. Ta yi dariya har ta zauna a kan buhun gawayi tana share hawaye, ni ma da na ga ba mafita na bi ta muka yi tare. Da ta lafa sai ta gaya mini maganar da ba zan manta ba, cewa ita ta shekara tana bautar doya a gona, ba za ta yarda a sayar da gari da sunan doyarta ba. Ranar na fito na gaya wa waɗanda ke kan benci gaskiya. Wani direba ya ce ai sun gane tun ranar farko, tausayina suka ji suka yi shiru. Wannan ya fi dariyar Mama Ladi zafi.

Daga nan na haƙura. Na koma shinkafa da tuwo, sakwara sai ranar Asabar ni da Talatu, 'yar kaɗan, da gudajinta da komai. Na daina cewa kin yi tafiya, na fara cewa ni na kore ki da bakina.

Amma Yaya, ki zo ki ga Minna yanzu! Ba rana ɗaya abin ya dawo ba, a hankali ya riƙa tsattsafowa. Da farko bukukuwa ne, duk auren da aka ɗage suka taho a jere, Malam ya riƙa dawowa gida da zare a gemu. Sai Kasuwar Kure ta cika har mai baro yana roƙon hanya, layin 'yan hatsi da na 'yan atamfa ba wurin sa ƙafa. Bokitan wanke hannun nan masu famfo da kowa ya saya dole, yanzu zoɓo da kunun aya ake sayarwa a ciki. Namu na bar shi a bakin rumfa yana aikinsa, tunda mai cin sakwara dama sai ya wanke hannu.

Sai motocin 'yan makaranta suka dawo. Ranar da bas ta farko ta wuce ta gabanmu za ta Gurara, yara sun leƙo ta taga suna waƙa suna ɗaga wa kowa hannu, wallahi ina riƙe da murfin tukunya na fashe da kuka. Mai faci ya saki tayar da ke hannunsa yana mayar musu da gaisuwa, tayar ta gangara sai cikin kwata. Masu hoto na bakin ruwan sun koma wurarensu, matan da ke gina tukwane sun ce baƙi har roƙo suke yi a bar su su taɓa yumɓu. Ni a nawa ganin, zaman gidan nan ya sa wa mutane ƙishirwar fita. Wanda da can ba ya zuwa ko'ina sai biki da gaisuwar mutuwa, yanzu sai ya kwashi iyalinsa ranar Asabar don kawai su je su kalli ruwa yana zuba.

Ban ce komai ya gyaru ba. Doya ta yi tsada, titin Suleja kin san halinsa, kuma mutane sai sun tambayi lafiyar hanya kafin su taso. Amma mu da muka ga titin nan babu kowa ba za mu raina abin da muke gani yau ba.

Ana cikin haka wata matashiya ta sauka daga mota ta yi sallama, Nafisa sunanta. Ta ce lokacin da take bautar ƙasa a nan, kullum a bencinmu take cin abincin rana. Yanzu sana'arta shirya wa mutanen Abuja yawon buɗe ido, ta kai su Gurara da safe, su biya wajen masu tukwane, su shigo Minna su ga gari. Ta ciro waya ta nuna mini bidiyon da ta ɗauke mu tun wancan lokaci, ke kina cilla taɓarya ni ina harararki. Ta ce abin da take so baƙinta su gani da idonsu ke nan, su ci sakwarar da zafinta, idan ta yi musu daɗi to rumfarmu ta zama wurin cin abincinsu duk zuwa. Ta tambayi ina ɗayar. Kin san bakina yana riga hankalina isa wuri. Na ce mata kada ta damu, ta kawo su.

Sati biyu muna gwaji ni da Talatu, har ta fara buɗe ido ɗaya. Ranar Asabar ɗin na fere doyar Mama Ladi mai kyau, miyar agushi da ta ganye suka haɗu, na share rumfa har bakin kwalta. Doya tana kan wuta ta kusa nuna sai ga kira, 'yar Talatu naƙuda ta kama ta, suna hanyar asibiti. Me zan ce? Na ce Allah Ya sauke ta lafiya. Ban ajiye wayar ba Nafisa ta kira, sun baro Paiko, mutum talatin da 'yan kai.

Na tsaya gaban turmi na rasa abin yi. Ni kaɗai ba zan kirɓa ta mutum talatin ba kafin ta huce, kuma ba sakwara kaɗai aka yi musu alkawari ba. A ranar na kira sunanki a fili, kamar kina bayan zana za ki amsa.

Malam yana wurin. Ya kawo mini mayafan tebur da ya ɗinka da ragowar atamfa, yana sanye da babbar riga za shi ɗaurin aure, abokansa biyu suna jiransa a kan babur a bakin titi. Ban roƙe shi ba, ban ko kalle shi ba, tunda alkawari na yi. Bas ta tsaya, baƙi suka fara sauka da wayoyi a hannu. Sai na ji motsi a bayana. Ya cire babbar riga ya rataye a ƙusar da muke rataye faifai, ya ɗora hula a kanta, ya naɗe hannun riga, ya je bokiti ya wanke hannu. Ya ce, "Tsame doyar, Larai, mutane suna jira."

Yaya Saratu, mun yi lugude! Muka fito da turmin gaba inda kowa zai gani. Tasa tana sauka tawa tana tashi, ƙarar ta cika layin, masu babur suka tsaya, mai faci ya tsallako. Abokan Malam suka sauko baki buɗe, ɗayan ya riƙe haɓa har aka gama turmin farko bai saki ba. Baƙi suka kewaye mu suna tafi a kan bugun. Wani mai ƙaton ciki ya roƙa a ba shi ya gwada, bugu biyu ya yi ya miƙo taɓarya yana haki, matarsa tana ɗaukarsa bidiyo tana dariya har wayar tana rawa. Turmi shida muka yi. Malam dai bai cilla taɓarya ba, ya ce abin bai kai can ba.

Sakwara ta fito sumul, ta yi danƙo, ka ja ta ta biyo ka. Ko loma ba a bari ba. Mama Ladi, da ta zo ganin yadda za a ƙare da doyarta, ta gutsura ta mulmula ta haɗiye ta ce, "Yau doya na ya ga mutunci." Ɗaurin auren kuwa sai da aka shafa fatiha Malam ya isa, da ɗigon doya a gefen kunne.

'Yan majalisa sun yi sati suna tsokanarsa, bai kula su ba. Sai ga shi baƙin nan sun yaba mayafan tebur, Nafisa ta ce ya ɗinka jakunkuna da irin atamfar su riƙa saya tsaraba. Yanzu masu tsokanar ne ke bin sa suna tambayar ko baƙin suna son hula ko takalmi. Nafisa tana kawo mutane Asabar biyu a wata, ta ce da damina, lokacin da ruwan Gurara ke cika yana ruri, za su fi haka. Mama Ladi ta ƙara faɗin gonarta. 'Yar Talatu ta sauka lafiya, mace aka samu, Talatu ta dawo ta karɓi wajen miya, kuma a can idonta biyu a buɗe suke.

Akwai kuma wata magana. Nafisa tana neman wanda zai riƙa yi wa baƙi da 'yan makaranta bayani a hanya, wanda ya san duwatsu da koguna da labarin wuraren nan. Na ce mata na san wani malamin makaranta da ya kai yara Gurara ya fi a ƙirga. Ban yi mata alkawari ba, na ɗan koyi hankali, amma ta ce a ba Baban Godiya lambarta.

Malam kuwa duk ranar da aka watse sai ya riƙe baya ya ce, "Ni fa riƙe wa Maman Godiya wuri nake yi, ki neme ta tun bayana bai ƙare ba." In ce to, in buɗe lambarki, girman kai ya hana ni dannawa. Ina ta jiran ranar da zan kira ki da labari mai daɗi zalla, yadda ba sai na ambaci abin da na yi ba.

Shekaranjiya na je Kasuwar Kure sayen kayan miya, na haɗu da matar nan 'yar garinku mai kawo citta. Na tambaye ta ke, ina yi kamar tambayar wucewa ce. Ta ce kina lafiya, sai dai kafaɗarki ta dama ta matsa miki tun bara, hannun ba ya ɗaguwa sama, ko ɗan dakan gida Godiya ke yi miki. Ta ce ta taɓa gaya miki Minna ta farfaɗo, me zai hana ku koma, kika ce mata, "In koma in yi wa Larai me? Abin da take nema a wurina ba ni da shi yanzu."

Ban san yadda na iso gida ba, tattasan ma a can na bar shi. Ashe duk shekarun nan abin da na bar ki da shi ke nan, cewa hannunki nake so ba ke ba. Kuma ba laifinki ba ne da kika ɗauka haka. Ni na faɗa.

To ki saurare ni, Yaya, duk mai karantawa kuma ya zama shaida. Ƙarya na yi. Na samu mai ƙarfi, na samu inji, na samu mai daka har cikin gidana, rumfa ta cika ta batse, amma har yau idan abin dariya ya faru sai na juya gefe zan gaya miki. Ke nake kewa. Na yi miki rashin kunya, ke da kika girme ni, ke da kika taimake ni tun ba ki san sunana ba, na kuma bari kika tafi ba sallama. Ki yafe mini don girman Allah.

Da na gaya wa Malam zancen kafaɗar sai ya shafa bayan nan nasa da yake ta ƙorafi a kai. Sannan ya ce, "Rubuta mata ki ce ta taho. Dakan ni zan ci gaba da yi. Ita ta zauna a kujera ta riƙa gaya mana inda muka yi kuskure." Jiya bai buɗe shago da wuri ba, ashe Ketaren Gwari ya tafi wajen mai gidanku na da. Ɗaki biyu na baya masu su za su tashi ƙarshen wata. Ya kuma tambayo inda ake duba ciwon kafaɗa, ya ce ranar da kika iso da kanmu za mu kai ki.

Ban ce ki amsa yau ba. Idan gona ta riƙe ku, ko zuciyarki ba ta huce ba, haƙƙinki ne, zan jira. Amma ki sani, idan ba ki zo ba ni zan zo. Asabar ɗin da babu baƙi zan shiga mota in yi ta tambaya har ƙofar gidanku, in durƙusa a tsakar gida a gaban su Kaka, kin kuwa san ni da nauyin jiki, tayar da ni sai an taru.

Allah Ya ba ki lafiyar kafaɗa, Ya sa albarka a cittarku, Ya raya mana Godiya da ƙannenta. Allah Ya kiyaye mu da sake ganin ciwon da zai rufe gari, Ya buɗa wa duk mai ƙaramar sana'a a bakin titin nan, Ya kai matafiya lafiya Ya dawo da su lafiya. Ni kuma Allah Ya sa wa bakina linzami, Ya nuna mini fuskarki tun muna da rai mu duka biyun. Amin.

Taki har kullum,
ƙanwarki mai neman afuwa,
Larai, Maman Ummi
Chanchaga, Minna